Ruwan Lamadji a Sikelin Maƙeri

Kwana tara ke nan da ambaliya ta cinye gidajen bakin kogi, aka kwashe mutane aka zube su a wani fili a Lamadji, cikin tantuna. Wata ƙungiyar agaji ta kafa musu famfo. Inji ne ke jawo ruwa daga tafkin da ambaliyar ta bari, ya bi ta cikin yashi ya tace, a zuba masa magani, sannan ya fito. A cikin bututun an dasa wata na'ura mai ɗan gilashi, tana haska ruwan ta auna dauɗar da ke yawo a ciki, ta aika lamba zuwa ofis a Goudji. Doka ita ce in lambar ta haura biyar a rufe famfo, domin magani ba ya cin ruwa mai laka. Tun da aka kafa, lambar ba ta wuce uku ba.

Hamdiyya ce aka ɗora wa kula da famfon. Yayarta Huseina tana cikin waɗanda aka kwaso, ita da 'yarta Khalida mai shekara uku.

Ranar Talata da hantsi Huseina ta iske ta a gindin injin, goye da yarinyar, kanta ya langaɓe gefe guda.

"Tun asuba sau bakwai take zawo. Ko kuka ba ta iya yi. Kuma ba ita kaɗai ba ce a layinmu."

"Adda, wane ruwa kika ba ta?"

"Naki. Wane ruwa nake da shi ban da naki?"

Hamdiyya ta tari ruwa a kwalba ta ɗaga sama. Kamar kunu ne da aka tsinka, da ƙyar take hango yatsunta ta bayan kwalbar. Ta duba waya, lamba tana nan biyu da ɗigo bakwai. Ta kai su tantin jinya, aka yi ta laluben jijiya a hannun yarinyar, ita kuwa ta fito ta kira shugabanta, Muntasir.

"Shef, ruwan nan bai da kyau. Na turo maka hoto."

"Na gani. Jiya ma wasu sun turo irinsa daga wani sansani, ashe a kududdufi suka ɗiba don a kai musu tankar ruwa. Ban ce ƙarya kike ba, Hamdiyya. Amma tanka biyu gare ni, sansani huɗu. Da me zan raba in ba da lamba ba?"

"To ka bar ni in buɗe na'urar in duba."

"An buga mata hatimi. Ba na fasa shi a kan hoto. Kawo mini awo."

Ɗakin gwajin ƙungiyar yana can cikin ruwa har taga. Ta ajiye wayar. A jakarta akwai takardun tace ruwa, farare masu zagaye, amma ba ta da sikelin da zai ji nauyin abin da za su kama. Can ta tuna Baba Ilyasu, maƙerin zinariya a unguwar Ridina, aminin mahaifinsu. Ta cika jarka lita biyu, ta tsayar da kilando, wato babur na haya.

Hanya duk caɓi, sau biyu suna sauka su tura babur. Sai bayan azahar ta isa. Tsohon bai yi mata doguwar tambaya ba. Ya goge sikelinsa, ya ɗora farar takardar, ya rubuta nauyinta a bayan ambulan. Hamdiyya ta shimfiɗa ta a mazurari ta fara zuba ruwan. Bai kai rabi ba ya ƙi sauka, sai ɗigo ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ba ni da lokaci."

"Zauna, 'yata. In kika matsa ta yage, sai mu koma farko."

Ta zauna tana kallon ɗigon. Huseina ta kira sau uku, ta kasa ɗagawa. Da ruwan ya ƙare, Baba Ilyasu ya kama takardar da hantsaki ya riƙe nesa da garwashi har ta bushe ƙarau. Ta zama jawur, tsakiyarta baƙi. Ya mayar da ita kan sikeli, ya gyara tabarau.

"Ta ƙaru da kashi uku cikin goma na giram, har da ɗoriya. Wannan mutane ke sha?"

Ruwan da lambarsa ba ta kai uku ba, da ƙyar sikelin zai ji abin da ya bari. Hamdiyya ta ɗauki hoton takardar da ambulan ta tura. Muntasir ya kira.

"Koma ki fasa hatimin," ya ce.

La'asar sakaliya ta zaro na'urar daga bututu. Baƙar laka mai yauƙi ta lulluɓe gilashin gaba ɗaya, hasken ba ya ko fita. Ta goge da bakin mayafinta, ta mayar. Lambar ta tashi zuwa ɗari da arba'in.

"Rufe famfon yanzu," in ji Muntasir.

"Tanka fa?"

"Duk biyun suna kudu, kuma gadar ta cushe. Gobe da yamma, in Allah ya so."

"Shef, mutum dubu ne a nan!"

"Na sani. Rufe."

Ta rufe. Matan da ke layi suka yi ta murɗa kan famfo, suka zagaye ta da hayaniya, wata da Hausa wata da Larabci. Ta nuna musu takardar, ta yi bayani, ba wadda ta tsaya ji. Wata dattijuwa ta ɗauki bokitinta ta nufi tafkin, sauran suka bi ta, tafkin da injin ke ja, ga shi yanzu ba tacewa ba magani.

Hamdiyya ta ruga ta ɗauko ɗan buhun alif, mai kwantar da laka a ruwa, da ya rage mata, ta sha gabansu a bakin ruwa, tana jefa ƙwaya a kowane bokiti.

"Ku bari ya kwanta! Ku tace da zane, ku tafasa, don Allah!"

"Da wane itace?" in ji dattijuwar. "Komai a jiƙe yake."

Alif ɗin ya ƙare a bokiti na sittin da wani abu. Ta ci gaba da roƙo hannu wofi har muryarta ta dishe.

Tanka ba ta iso ba sai ranar Alhamis da safe. Khalida ta sha leda huɗu ta ƙarin ruwa, ta tashi zaune ta nemi abinci, Huseina ta fashe da kuka. Amma a kwana biyun nan an kai yara goma sha ɗaya tantin jinya, biyu ba su fito da rai ba. Malamin jinya ya ce ba zai iya tantancewa ba ko ruwan famfo ne ya kama su tun farko, ko na tafki. Hamdiyya ta sake tambayarsa washegari, ya ba ta amsa iri ɗaya.