Gonar Baba a Cikin Rahoton Gwamnati

Ni dai Shafi'u, aikina babur, daga bakin boda zuwa cikin Jibiya, wani lokaci har Daddara inda gidanmu yake. Wata Laraba da damina, wata mata ta sauko daga farar mota kusa da shingen boda, ta ce motarsu ba ta shiga laka, in kai ta wani waje. Sunanta Zipora. A hanya ta ce wata ƙungiyar ƙasashen waje mai ba gwamnati rance ce ta aiko ta. Wai duk shekara gwamnati na rubuta masu abin da ta yi da wanda za ta yi, su kuma su turo a gani da ido.

"Mi za ki gani a nan, Anti?"

"Sito na kayan da ke tsallake boda. An rubuta an share fili, an sa harsashi."

Na ce ban san shi ba. Wayarta ce ta riƙa nuna mana hanya, har ta ce in tsaya. Na tsaya, amma na kasa kashe babur. Gonarmu ce. Gero ya fara fid da kai, babana, Malam Bawa, na duƙe yana cire ciyawa.

Ta buɗe wani littafi mai kauri, rahoton gwamnatin. Sai ga hoton Baba tsaye a gindin tsamiyarmu, ƙasa kuma ga dangwalen yatsansa.

"Baba, an ce kun ba da wannan fili da yardarku."

Baba ya goge hannu a riga, ya daɗe yana kallo. "Wannan ai takardar taki ce, ɗiyata. Bara waccan suka zo, suka ce mai son taki ya dangwala, a ɗauke shi hoto a gonarshi. Mu nan in an ce taki ba a tambaya."

"Ba wanda ya karanta maku?"

"Wa zai karanta? Shafi'un nan da kike gani, aji uku ya gudu."

Ta dafe baki. Can ta ce za ta rubuta abin da ta gani, gero ne ba harsashi ba. Mun ji daɗi ƙwarai. Baba har ya hana ni karɓar kuɗin babur.

Kwana tara bayan nan, da hantsi, katafila ta iso da mutum biyu. Ɗayan ya ce labari ya koma sama cewa ba a fara aiki ba, kuma in ba a ga harsashi kafin taron wata mai kamawa ba, za a tsai da rancen.

"Ku ba ni sati uku," in ji Baba. "Gero ya nuna kawai."

Mutumin ya ce shi ma aiko shi aka yi.

Baba ya miƙo mani lauje, muka shiga gaban katafilar muna yankar ɗanyen gero, ko awaki su samu.