Harbi Biyar da Igiya

A ƙungiyar maharban ƙauyenmu da ke gaɓar kogin Drina akwai ƙa'idar da muka gada, kuma ni Dobrivoye aka damƙa wa tsaronta shekara talatin da ɗaya. Duk tsohon harsashin da ba a san tarihinsa ba, ba a harba shi daga kafaɗar mutum sai an ɗaure bindigar a jikin itace, an harba biyar da doguwar igiya. Magabatanmu sun kafa ta ne a shekarar da Vukashin makiyayi ya rasa idonsa na dama, kuma tun daga nan ba a ɗage wa kowa ba, har limamin coci.

Saura kwana uku a buɗe farautar aladen daji, Obrad ya iso farfajiyar gidana rataye da tsohuwar bindigar soja ƙirar Mauza da mahaifinsa ya dawo da ita daga yaƙi. Surukinsa Milisav, bakanike, yana biye da shi ɗauke da gwangwanin harsasai da suka tsinta a rufin rumbun marigayi wan Obrad.

"Baba Dobrivoye, ka yi masa magana," in ji Milisav. "Na kawo masa sababbi daga gari, ya ce na 'yan gayu ne."

"Bindigar soja, harsashin soja," in ji Obrad. "Girmansu ɗaya, ka auna. Kai da ka san taya da baƙin mai kawai, me ya haɗa ka da albarushi?"

Na buɗe gwangwanin. Girman dai daidai ne, tagullar kuma tana ƙyalli, sai ɗan kore-kore a gindin wasu. Na ce masa girma ba ya faɗin abin da damina sittin ta yi wa albarushi a ƙarƙashin rufi, sannan na ɗauko igiya.

Fuskarsa ta sauya. "Bindigar ubana za ka ɗaure kamar akuya? Ni da muka yi aji ɗaya da kai?"

"An ɗaure bindigar kawuna a gabana," na ce, "kuma ya girme mu duka. Ko a ɗaure ta yau, ko ka zauna gida ranar Lahadi."

Ya ɗaga kai ya kalli tsaunin da muke farauta a kansa. Obrad bai taɓa fashin ranar buɗe farauta ba tun yana saurayi. Daga bisani ya miƙo ta, amma ya ce shi zai ja igiyar da hannunsa.

Muka ɗaure ta a gindin itacen tuffa, bakinta yana fuskantar gangaren ƙasa, muka koma bayan tarin itacen wuta. Na farko ya tashi lafiya, ƙararsa ta dawo daga ƙetaren kogi. Haka na biyu da na uku. Bayan kowane harbi ina zuwa in ɗauki kwanson harsashin in duba, ban ga tsaga ba.

"Ka ji murya?" Obrad ya ce wa surukinsa bayan na huɗu. "Naka na kanti tari suke yi. Dobrivoye, kwance ta haka nan, gahawarmu tana hucewa."

"Biyar aka ce."

"Huɗu da biyar duk ɗaya ne, malam alƙali!"

Na ɗura na biyar, na dawo, ya ja igiya. Sai muka ji ƙas, babu ƙara.

"Mataccen harsashi ne," in ji Obrad, ya miƙe da sauri don ya je ya zare sakatar bindigar ya fitar da shi. Ya yi taku uku kafin Milisav ya cafko bayan rigarsa da hannu biyu.

"Sake ni, kai mara kunya!"

"Ba zan sake ba, Baba. Ka zage ni daga baya."

Na ɗaga murya na fara ƙirga, domin ƙa'idar ta ce harsashin da ya ƙi tashi a ƙirga masa sittin kafin a taɓa. Ina kan bakwai bindigar ta tashi da kanta. Hayaƙi mai ɗaci ya feso ta bayan sakatar, ya babbake ɓawon itacen daidai inda kuncin mutum yake kwanciya. Da muka cika sittin ɗin muka buɗe, kwanson ya tsage tun daga gindi har rabinsa.

Obrad ya kwance igiyar da kansa, ya leƙa cikin bindigar ta hasken rana, ya shafa ƙotar da hannun rigarsa.

"Ƙarfen da aka ƙera tun kafin a haife mu, ko gezau," ya ce. Sannan ya juya ga Milisav. "Gobe ka kai ta wurin maƙerin bindiga ya duba. Gwangwanin nan kuma ka miƙa wa 'yan sanda, kada yaran ƙauye su gan shi. Ina waɗancan naka masu tari?"

"Suna mota, Baba."

"To, tsayuwar me kake yi? Ɗauko su. Kuma ka yaga mini riga, ka gaya wa matarka ta ɗinke kafin Lahadi."