Layin da Ya Ɓace a Fom ɗin Taki

Tajuddeen, sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da Zakirai, shi ya tsara fom ɗin rajistar taki a kwamfuta shekara uku da suka wuce. Ya ja layi a tsakiya: hagu sunan mai gona, dama sunan mai noma ta. Aron gona ya yi yawa a garin, layin nan kuwa shi ke raba aro da mallaka.

Bana aka ce rajista ta koma intanet. Da aka ɗora fom ɗin ya buɗe shi a waya, sai ya tarar babu layin. Rubutun ya bi juna, gurbin suna ɗaya ya rage, a ƙarƙashin "mai gona".

Najib ne ya fara faɗo masa a rai. Ba shi da ko taƙin ƙasa, gonar Baba Sama'ilu yake nomawa aro. In aka sa sunan Baba, Najib ya rasa taki, don suna ɗaya kaso ɗaya ne, Baba kuma ya riga ya yi rajista. In aka sa Najib, an rubuta ƙarya, kuma wata rana jikokin Najib za su iya ɗaukarta hujjar cewa gonar tasu ce.

Kwana biyu Tajuddeen yana juya maganar. Bayan la'asar ya sami Baba a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya, ya bayyana masa komai. Tsohon ya yi dariya, ya tambaya ko na'urar tasu ba ta taɓa jin aro ba.

"Sa sunan yaron, Malam. Amma kawo mini tsohuwar takardar, mai layin."

Washegari aka cike ta a gaban mai unguwa, Sama'ilu a hagu, Najib a dama. Najib ya dangwala yatsa yana cewa ai Baba ya fi gwamnati tsare-tsare. Baba ya ce shi dai ya ga dawa ta yi kyau, in ba haka ba ya karɓi abarsa. Ya naɗe takardar ya sa a gafaka.

Tajuddeen ya tura sunan Najib. Bai ce zuciyarsa ta wanke sarai ba, don abin da ke intanet har yanzu ba daidai ba ne. Amma ranar kasuwa ya buga tsohon fom guda ashirin, ya bi masu aro gida-gida.