Shuɗin Gadon Jika

A masana'anta Mai Tukunya ake ce masa, don shi ke dafa sabulun ƙarfe. Wannan ba sabulun wanka ba ne, ko kumfa ba ya yi, ruwa ma gudunsa yake. Mai ake dafawa da soda, a zuba gishirin ƙarfe, abu ya tsinke kamar madarar da ta yi tsami, a tace, a wanke, a shanya. Na tutiya masu roba ke saya, na alli a yi man giris, wani kuma a ɗiga a fenti ya bushe da wuri. A cikinsu duka, na dalma ne ba a wasa da shi. Ranar dafa shi sai da safar hannu da takunkumi, kuma ba mai kai loma baki sai ya wanke hannu har gwiwa. Mai Tukunya da kansa ke zagin duk wanda ya yi ganganci.

To, shi ɗin nan fa, da 'yarsa ta kusa haihuwa, ya haɗa wa jaririn ɗan gado na katako, ya shafa masa shuɗin fenti. Fenti ya ƙi bushewa, iska duk laima, haihuwa kuma yau ko gobe. Ya je ɗakin ajiya neman abin busarwa, ya tarar marar dafin ya ƙare, sai na dalma. Ya tsaya, ya juya, ya dawo. Ya ce wa kansa ai ɗan kaɗan ne, kuma jariri ba cin gado yake ba. Ya ɗiga a fentin, ya sake shafawa. Washegari gado ya bushe ƙayau, har ƙyalli yake. Aka haifi mace, kowa ya zo barka sai ya yaba hannun kaka.

Watanni suka shuɗe. Wata ranar hutu ya je gaida su, yana shiga yana tsokana.

"Ina amaryar tawa? Ko ta yi sabon miji ne?"

"Tana ciki, Baba," in ji 'yar tana dariya. "Haƙori take fitarwa, ba ta barin kowa ya huta. Gadonka kaɗai ke rarrashinta."

Ya leƙa ɗakin. Yarinya na tsaye, ta riƙe sandar gadon da hannu biyu tana gwaguya. Tun daga wannan kusurwa har waccan fenti ya tafi, sai farin katako da sawun haƙora. Ta ga kakanta ta washe baki, ga shuɗi a dasashinta.

Gabansa ya faɗi. Ya ɗauke ta, ya sa yatsa yana goge mata baki, ita kuwa ta ɗauka wasa ne, ta cije shi.

"Tun yaushe take wannan?"

"An kwana biyu. Lafiya?"

"Tana cin abinci?"

"Kwanan nan dai ba sosai ba. Ga yawan kuka, ciki kuma ya ɗaure. An ce haƙori ne."

"Ɗauko mayafinki. Asibiti za mu, a duba jininta. Ki ce musu dalma, akwai ta a fentin nan."

Ba ta yi gardama ba. A kan bencin asibiti suka zauna, an ɗebi jini, an ce su jira. Yarinya ta yi barci a cinyarsa, auduga manne a ɗan hannunta. Kunya da tsoro suka kama shi, ya kasa ɗaga kai. Ya shirya wa faɗan 'yarsa, wallahi da ta zage shi ma da ya ji sauƙi.

Sai 'yar ta matso, ta dafa hannunsa.

"Baba, don Allah ka daina wannan fuskar. Masu sayar da fentin ne Allah zai saka mana a kansu. Kai ina za ka sani?"

Ya dubi hannun da ta dafa, wanda yake wankewa har gwiwa kafin ya ci abinci.

"Haka ne," ya ce.