Makunnin Bayan Firji

A asibitin agajin nan, janareto ya yi tari, ko ruwa ya ɗauke a ɗakin haihuwa, ko tayar mota ta yi faci, suna ɗaya ake ƙwalawa kira: Mai Makullai. Shi ne jami'in kayan aiki, daga allura har man dizal ta hannunsa suke bi. Kullum yana mitar an hana shi sakat, amma kowa ya san mitar jin daɗi ce.

Sai kwantiraginsa ya ƙare, aka turo wanda zai gaje shi, wani siririn saurayi mai yawan fara'a. Kafin ya gama kwance jakarsa ma'aikata sun laƙaba masa Dogo. Mai girki ta fara ƙara masa nama. Babbar nas, wadda ba ta taɓa yi wa Mai Makullai ko murmushi ba, sai ga ta tana dariya har da dafa bango. Kishi ya turnuƙe shi, irin wanda shi kansa yake jin kunyarsa.

Ƙa'idar aikin ita ce tsohon jami'i ya zagaya da sabo, ya nuna masa halin kowace na'ura kafin ya miƙa makullai. Ya nuna masa komai, ban da abu ɗaya. Firjin allurar rigakafi yana da taurin kai: idan aka sauya janareto da tsakar rana, ba ya tashi sai an zura hannu bayansa an danna wani ɗan jan makunni. Aka manta, kafin yamma rigakafin yaran duk ya lalace.

"Ƙararrawar firjin za ta yi kuka," in ji shi a ransa, "su rasa yadda za su yi, su kira ni. A nan za a san wa ke riƙe da gidan nan."

Ranar tafiya ya shiga mota kusa da direbansa na shekara da shekaru, mutumin da suke ci a kwano ɗaya. Suka yi nisa, rana ta take. Ya kafa wa rediyon oba-oba na motar ido, yana jiran kira daga asibiti. Shiru. Sai ya tuna layin matan da ke zuwa da goyo ranar rigakafi, wasu da ƙafa tun daga ƙauye. In ƙararrawar ba ta yi kuka ba fa? Ya fizgo abin maganar rediyon.

"Dogo, kana ji na? Maza je bayan firji, akwai jan makunni, danna shi yanzun nan!"

Muryar Dogo ta fito tar, da fara'arta. "Yallabai, kwantar da hankalinka. Ai na canza makunnin tun shekaranjiya, yanzu da kansa yake tashi. Direbanka ne ya nuna min, ya ce hidima ta yi maka yawa, kada ka manta. Allah ya kiyaye hanya!"

Mai Makullai ya maida abin maganar a hankali, ya juya ya dubi direban. Direban bai ɗauke ido daga titi ba.

"Kai ma?"

"Yallabai," in ji direban, "'yata na cikin waɗanda za a yi wa allurar gobe."