Ranar da Motar Hedimasta Ta Tashi

Ɗan mitsitsin notin da ke kan teburin Mai Agogo ya fara tafiya da kansa. A hankali ya bi gefen hantsaki, ya zagaya wani agogon hannu da aka buɗe wa ciki, ya faɗa ƙasa. Mai Agogo ya cire tabarau, ya ɗora tafin hannu a bango. Bangon rawa yake yi. Motar Hedimasta ta tashi.

Bango ɗaya ne tsakanin shagonsa da garejin Hedimasta, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya ya rasa abin yi da hannuwansa. Wata bakwai ke nan da aka jawo masa motar da igiya. Ja ce a da, mai ƙofa biyu da kujera biyu, ta kwanta ƙasa kamar ƙadangare, irin wadda aka ƙera don gudu kawai. Ta girmi 'ya'yansa duka. Mutumin da ya shekara talatin bai riƙe abin da ya fi alli nauyi ba, sai ga shi da sufana da wani littafi duk maiƙo, yana kwance inji yana rubuta wa kowane ƙarfe lamba kamar mai kiran sunan ɗalibai. Unguwa ta sha dariya, shi ma yana taya su.

Motar kuwa ba ta iya komai ba sai tari. Kullum da rana za ta yi gurnani, ta yi aman hayaƙi, ta mutu, hayaƙin ya kewayo ya cika shagon Mai Agogo. Ran Litinin ƙarar ta sa hannunsa ya goce, ya karya allurar agogon wani. Ya fita a fusace, ya tarar da dattijon a sunkuye cikin bonet.

"Malam, in dai dole ne, ka rufe ƙofarka ka sha hayaƙinka kai kaɗai."

Hedimasta mutum ne mai kunya. Ya goge hannu, ya ba da haƙuri har sau uku, ya ce ba za a sake ba. Babu wanda ya ji wannan maganar sai su biyu.

Yau kuma ga injin yana tafiya sumul, ba tari, ba gurnani, ƙarar ma a toshe take kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Mai Agogo ya ji daɗi har ransa, ya zauna jiran tsohon ya shigo yi masa fariya. Agogo ashirin da ke jikin bango suka ci minti goma, suka ci rabin awa. A nan ne kunnensa, wanda ya saba rarrabe agogo mai lafiya da mara lafiya, ya gaya masa akwai abin da ba daidai ba. Ƙarar ba ta hawa, ba ta sauka. Wanda ya jira wata bakwai ba zai iya hana ƙafarsa taka totur ba.

Ƙofar garejin a rufe take. Ya buga, ya kira, ya tura, ta cije kamar an riƙe ta daga ciki. Sai da ya sa kafaɗa ta buɗe. Ciki ya yi shuɗi da hayaƙi. Hedimasta na zaune a mazaunin direba, hannu biyu a kan sitiyari, kansa jingine da kujera, idanunsa a kan bangon da ke gabansa kamar mai kallon doguwar hanya. Fuskarsa ta yi kyau fiye da yadda take da rai, kuma wannan ne ya fi ba Mai Agogo tsoro. Ya miƙa hannu ta kan gawar ya murɗa makulli.

Kwana biyar yana zaune cikin masu gaisuwa, yana jin kowa na faɗin abu ɗaya: ai Hedimasta bai taɓa rufe ƙofar nan ba, me ya shiga kansa? Mai Agogo yana gyaɗa kai tare da su. In ya koma shago ba ya iya riƙe hantsaki. Da rana ta take, sai ya ji bangon kamar yana rawa, ya taɓa, ya ji sanyi kawai.

Rana ta shida matar marigayin ta leƙo shagon da kanta. Ta roƙe shi ya zo ya cire wa motar batir, don ita ma tana jin ta. Ya bi ta ba tare da ya tambaye ta me take ji ba. Ya kwance wayoyin, ya ajiye batir ɗin a ƙasa, ya tsaya ya ba ta baya. Ya san in ya fita yanzu, har abada ba zai faɗa ba.

"Hajiya, ni na ce masa ya rufe ƙofar."



"Ya gaya mini," ta ce. "Ya ce ya ɓata wa maƙwabcinsa rai. Rufewar ba ta ishe shi ba, wai ƙara na fita ta ƙasan ƙofa. Ni na yaga masa tsohon zanena, na zauna na naɗe masa shi da kyau ya toshe wurin, don kada ko kaɗan ta fita."

Mai Agogo ya juyo. Ba shi take kallo ba. A bayan ƙofar, inda kafaɗarsa ta ture shi ranar, wani dogon ƙyalle mai furanni yana kwance a ƙasa, an ɗaure shi da zare wuri huɗu, ɗauri mai tsafta irin na mata.