Rukunin Masu Jira

Farkon daminar 2004 ciwon ya kama Kawu Mainasara. A fadamarsa ta bakin gulbi aka tsince shi, fartanya a gefe, bakinsa ya karkace. Ya yi kwana tara a asibiti, aka ce hawan jini ne ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Ƙafar ta dawo a hankali, har yana dogara sanda ya je masallaci. Hannun dama ne ya ƙi. Yana iya ɗan ɗaga wuyan hannun, yatsu biyu suna motsi kamar masu jin barci, shi ke nan.

A unguwarmu a Gummi maza ba sa cin tuwo a cikin gida. Da an sallame magariba kowane gida zai fito da akushi ƙofar gidan Kawu, a shimfiɗa tabarmi, a ci tare. Shekara talatin ana wannan ciyayya a ƙofarsa. Tun da ya dawo daga asibiti bai sake zama ba. Hannun da yake tsarki da shi, in ji shi, ba zai shiga akushin da dattawa suke ci ba. Aka ba shi cokali, ya ƙi. Aka ce a zuba masa nasa daban, ya ce shi ba mai tari ba ne. Sai ya koma ci a ɗaki, ya ba ƙofa baya, yana jin muryoyinsu a waje.

Shi ya riƙe ni tun ina shekara shida, bayan rasuwar mahaifiyata, ƙanwarsa. Shi ya tsaya kai da fata har na gama jami'a a Sakkwato. Lokacin na dawo daga bautar ƙasa, ina zaune a gida, ina taya matarsa Inna Dija aiki.

Wata na uku da ciwon, Malam Lirwanu ya yi sallama a gidanmu. Ma'aikacin jinya ne, mutumin Anka, kowa ya san shi a ƙasarmu saboda allurar rigakafi. Ya ce wani likita, Dokta Zayyad, ya zo daga wani babban asibitin koyarwa zai yi bincike a Anka da Bukkuyum da Gummi a kan wata sabuwar hanyar farfaɗo da hannun da ya shanye. Suna neman 'yar gari mai ilimi wadda za ta iya shiga gidaje, ta yi wa mutane bayani, ta riƙa auna hannayen tana rubutawa. Na karɓi aikin.

Hanyar kuwa ba allura ba ce, ba ƙwaya ba. Hannun mai lafiya ake sa wa wata safa mai kauri kamar ƙaramin matashi, a ɗaure, kullum ya yini da ita. Sai mutum ya rasa yadda zai yi, dole ya nemi mataccen hannun. Kullum kuma masu gashin ƙashi su zo su zaunar da shi yana tsintar wake yana zubawa a ƙwarya, yana ɗaga moɗa, yana juya kwalaye.

Amma ba kowa za a yi wa ba. Marasa lafiya arba'in da huɗu aka samu, kowanne zai ɗauki ambulan a rufe. Wanda takardarsa ta ce yanzu, a fara masa. Wanda ta ce jira, a riƙa auna shi kawai har wata shida, don a kwatanta. A zauren mai unguwa Dokta Zayyad ya yi jawabi da Turanci, Malam Lirwanu ya raɗa mini abin da zan ƙara, ni kuma na miƙe na faɗa wa mutane da bakina:

"Wanda duk anka ce ya jira, ba a manta da shi ba. In wata shida ya cika, shi ma za a yi mai, kyauta, kamar yadda anka yi ma na farko."

Kawu ya dangwala babban yatsansa na hagu a takarda, yana kawar da kai. Ya zaɓi ambulan, ya miƙo mini.

"Lubabatu, mi tac ce?"

"Ta ce ka jira, Kawu."

"To. Wata shida ai kamar gobe na."

Makau, taubashinsa, wanda nasa ciwon ya riga na Kawu da wata ɗaya, shi takardarsa ta ce yanzu. Bayan mako biyu ya zo dubiya, yana jan ƙafa, hannun hagunsa cikin farar safa. Ya zauna a bakin gadon Kawu ya ɗaga ta sama.

"Ka ga ni, Mainasara? An naɗa ni sarkin dambe da tsufana. Tashi mu gwada."

"Kai da ko da hannu biyu ban taɓa ganin ka ka da kaza ba."

"Dubi nan, raggo." Makau ya sa hannun damansa a aljihu, ya daɗe yana fama, gumi yana tsatso masa, ya fito da goro ɗaya tsakanin yatsu uku. Goron ya faɗi a tabarma. Ya yi dariya har da tari. "Jiya ko aljihun ban iya samu. Kai kana nan kwance kamar amarya, ana kawo ma fura."

Kawu ya yi dariya shi ma, amma na ga idonsa a kan goron. Inna Dija kuma tana bakin ƙofa, idonta a kan safar. Da Makau zai tafi ta ce ya tsaya, ta juya hannun nasa, ta duba ɗinkin ciki da waje.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga Bukkuyum na tarar da Kawu a tsakar gida, hannunsa na hagu cikin wata safa da aka ɗinka da tsohon zane aka cusa mata audugar rimi. Ga faifai da wake a gabansa. A cikin ƙwarya akwai ƙwaya huɗu.

"Huɗu, ɗiyata," ya ce. "Tun hantsi. Kada ki gaya ma Makau."

Washegari a motar aiki na ba Malam Lirwanu labari, ina murna. Bai yi dariya ba. Ya ce wa direba ya rage rediyo.

"Ke da kinka yi jami'a? Wanga aiki in ba gwani ya tsaya a kai ba, jijiyar kai ta iya sake tsinkewa. Kina so ki kashe kawunki? Ki tahi ki ɗebe ta yau. Kuma duk gidan masu jira da kinka ga irin haka, ki hana."

Ban tambaye shi inda aka rubuta haka ba. Ya girme ni, yana sanye da farar riga, ni kuma tambaya tana yi mini nauyi tun ina ƙarama.

Da la'asar na durƙusa gaban Kawu na kwance igiyar da hannuna. Inna Dija ta tsaya a kaina da muciya.

"Makau na yi bai mutu ba, sai naki kawun?"

"Shi akwai masu duba shi, Inna. Likita ya ce akwai haɗari."

"Likita ko ke?"

"Bar ta, Dija," in ji Kawu. "Don mi munka kai ta makaranta, in ba don ta gaya muna abin da ba mu sani ba?"

Haka na bi gidaje ina hanawa. Mutanenmu ba sa zuwa dubiya su koma da abin da suka sani a cikinsu. Wanda ya sha saiwa ya ji daɗi sai ya kawo wa ɗan'uwansa, wanda ya ga safa sai ya kwatanta wa maƙwabci. A Anka na kwance biyu, a Bukkuyum uku. A Yargalma wata tsohuwa mai suna Habsu ta ce mini to, ina fita 'ya'yanta suka mayar mata. Duk zuwana sai in ga shaidar igiya a wuyan hannunta, in yi kamar ban gani ba, don kunyar faɗa da tsohuwa nake ji. A gidanmu ne kawai aka bi maganata sau da ƙafa.

Kowane wata ina zama gaban Kawu da agogo da takarda. Ɗaga moɗa. Taɓa haɓa. Ɗauki ƙwayar wake. Wata na biyu yatsun biyu suna motsi. Wata na huɗu ɗaya ne. Wata na biyar hannun ya fara dunƙulewa, sai na sa ƙarfi kafin in buɗe shi. Ina rubuta lambobin da kyakkyawan rubutu. A wannan watan Makau ya koma ciyayya. Muna jin sa daga cikin gida yana cika baki, wai lomarsa ta fi ta kowa girma.

"Saura kwana nawa, Lubabatu?"

"Talatin da ɗaya, Kawu."

Ranar awon ƙarshe muka taru a ofishin da aka ba mu aro a Anka. Aka ce in jera takardu a kwali, mota za ta tafi da su. A nan na ga kundin binciken, mai shafi sittin, wanda ban taɓa riƙewa ba. Na zauna a kan benci na karanta shi daga farko har ƙarshe, ina neman ranar da za a fara wa masu jira. Babu. Bincike yana ƙarewa ranar awon wata shida. Na nemi inda aka yi maganar jijiya ta sake tsinkewa. Babu. Abin da na samu layi biyu ne: a yi ƙoƙari kada rukunin da ba a yi wa ba su kwaikwayi aikin, don kada sakamako ya gauraye.

Dokta Zayyad yana waje yana sallama da mutane. Na tsaya a gefensa har ya lura da ni. Na tambaye shi da Turanci yaushe za a fara wa masu jira. Ya dube ni da mamaki na gaske. Ya ce shi bai taɓa alkawarin zagaye na biyu ba, abin da ya ce shi ne in sakamako ya yi kyau, wata rana hukuma tana iya ɗauka. Ya ce aikina ya yi kyau ƙwarai, takarduna sun fi na kowa tsabta. Ya shiga mota.

Malam Lirwanu yana ɗaure kwali da igiya. Bai ko ɗago ba.

"Malam, kai kac ce in ce za a yi musu."

"Da ba a ce haka ba, wa zai dangwala hannu a auna shi wata shida a banza?"

"Maganar haɗarin fa?"

"Ke ba ki san mutanenmu da dubiya ba? Mako guda kowa ya ɗinka tashi, aiki ya lalace. Ni na gaya ma likita tun farko, na ce bar mini wannan, na san maganinsu. In baƙo ya hana ba su ji. Sai ɗiyar gida." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Kuma ai an ƙaru. Yanzu an san abin na aiki. Wata mai zuwa akwai wani binciken a kan hawan jini, na riga na ba da sunanki."

Na tuna takardar Habsu ta Yargalma, wadda na cika da safiyar nan. Ta ɗaga moɗa har baki. Ba zan iya rantsuwa cewa da na bar Kawu da safarsa da hannun ya tashi ba. Amma yatsu biyu suna motsi ranar da na kwance ta.

Ban jira motarsu ba, na hau ta haya. Na isa Gummi bayan la'asar. Kawu yana zaune a kan kujera a tsakar gida, an yi masa aski, ya sa sabuwar riga. Ya san yau wata shida ya cika.

"Yaushe za su zaka?"

Na durƙusa. Na faɗa masa duka, ban rage komai ba, har da nawa. Inna Dija ta ajiye tsintsiya ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Kawu ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Shi Lirwanu ya san ni ne kawunki?"

"Ya sani."

"Ya ci tuwo ƙofar gidan ga. Sau biyu."

"Kawu, mu fara gobe. Na ga yadda suke yi, na iya. Ko yanzu ana iya samun wani abu."

Ya sa hannun hagu ya ɗago na daman daga cinyarsa, ya juya shi. Yatsun sun lanƙwashe sun shige tafin. Inda farce ya nutse fatar ta yi ja, ta fara ruwa.

"Wa yac ce ana iya samu? Likita?"

Ya mayar da hannun kan cinyarsa.

"Ɗauko reza," ya ce. "Kwana uku faratan ga suna cina, ban so in dame ki kina aikin mutane."

Na ɗauko. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa, ina sake buɗewa ina yanke faratan. Yana kallon katanga. Da na gama na ƙarshe na ce zan kawo ruwan ɗumi in gasa masa hannun.

"Bar shi," ya ce. "Dija za ta yi."